Tuwo Yana Buƙatar Miya: Darasi Daga Kasuwannin Manoma na Amurka Kan Ciyar da Mabuƙata

Jawabin Sakataren Gidauniya a taron shekara na masu fitar da zakka da wakafi da kwamitocin masallatai

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai saukar da ruwa, Mai fitar da tsiro, wanda Ya wajabta wa mawadaci haƙƙin mabuƙaci a cikin dukiyarsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

   

Rahoton da ke hannunku ya ƙunshi lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita: buhu nawa aka tara, naira nawa aka raba, gida nawa aka kai wa. Ma'aji zai yi bayaninsa dalla-dalla, saboda haka ba za mu tsaya a kansa ba. Akwai wani lissafi na daban wanda shafukan rahoto ba su ɗauke shi, shi ne na uwargidan da aka miƙa wa wannan kaso. Kwana nawa ya kai ta? Me ta zuba a tukunya a makon farko, me ta zuba a mako na huɗu? A hannun wa kuɗin ya kwana bayan ya bar hannunta? A kan wannan lissafi na biyu muke neman aron kunnuwanku yau.

Domin mu gan shi da kyau, za mu ɗauke ku zuwa ƙasar Amurka. Dalilinmu shi ne, mutanen can sun haura shekara tamanin suna gudanar da tallafin abinci ga talakawansu, kuma suna rubuta abin da ya faru, na daɗi da marar daɗi. Tausayin mabuƙaci addininmu ya riga ya koya mana shi. Abin da za mu ara a wurinsu shi ne dabarar aiki, sa'an nan mu ɗora ta a kan ma'aunin shari'a mu ga abin da zai tsaya.

Asalin tallafin da yadda yake aiki

A shekarun 1930 tattalin arzikin Amurka ya karye. Manoma suna zaune da amfanin gona babu mai saye, mutanen birni kuma suna kwana da yunwa babu kuɗin saye. A ranar 16 ga Mayu 1939, a garin Rocesta na jihar Niyok, gwamnati ta fara gwada wata dabara a ƙarƙashin jagorancin wani jami'i mai suna Milo Perkins, wanda ya kamanta lamarin da wani kwazazzabo mai rarar abinci a gaɓa ɗaya da mayunwata a ɗaya gaɓar, aikinsu kuwa gina gada a tsakani. Mai karɓar tallafi zai sayi takardun abinci masu launin ruwan goro da kuɗinsa, a kan kowace dala ɗaya kuma a ƙara masa shuɗayen takardu na rabin dala kyauta. Da na ruwan goron zai sayi kowane irin abinci, da shuɗayen kuwa sai abin da ya yi wa manoma yawa, irin su ƙwai da man shanu da fulawa da busasshen wake. Ku riƙe wannan a zukatanku, domin za mu sake cin karo da shi: tun ranar farko an yi nufin kuɗi ɗaya ya amfani mutum biyu, mai ci da mai noma.

An dakatar da shirin a 1943, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya cinye rarar abincin kuma ya samar wa mutane aiki. Shugaba Kennedy ya farfaɗo da shi a matsayin gwaji a 1961, Shugaba Johnson ya sanya hannu a kan dokarsa a 1964. Dokar 1977 ta cire sharaɗin sai mutum ya fara saye da kuɗinsa, domin an lura wanda ya fi kowa talauci shi ne ba ya iya haɗa kuɗin sayen. Zuwa 2004 an gama sauya takardu da kati irin na banki a duk faɗin ƙasar, a 2008 kuma aka raɗa wa shirin sunan da yake amsawa yau, wato SNAP.

A 2024 mutum kimanin miliyan 42 ne ke cin gajiyarsa, wato kusan ɗaya cikin kowane takwas na 'yan ƙasar. Ana zuba kuɗin a katin sau ɗaya a wata. Gwamnati tana da wani jadawali na mafi arhar cefanen da zai riƙe lafiyar mutum, wanda aka fara aiki da shi a 1975, aka sake duba shi a 2021 har ya ƙaru da kashi 21 cikin 100. Ana ƙaddara cewa gida zai kashe kashi 30 cikin 100 na abin da ya rage masa na samu a kan abinci, sai tallafin ya cike giɓin da ke tsakanin wannan da kuɗin jadawalin. Katin ba ya sayen giya, ba ya sayen taba, ba ya sayen sabulu ko dafaffen abinci mai zafi. Amma yana sayen iri da dashen kayan lambu, domin wanda ke da ɗan fili a bayan gida ya shuka abin da zai ci.

Cin abinci da dala shida a yini

Idan aka raba, abin da ke zuwa wa mutum ɗaya a 2024 bai wuce kimanin dala 187 a wata ba, wato dala shida da 'yan kai a yini, dala biyu a kowane ci. Kada mu yi saurin juya wannan zuwa naira mu ce ai dukiya ce. A kasuwarsu ake kashe shi, da tsadar kasuwarsu, kuma a can dala biyu kuɗin ɗan abin taɓawa ne.

Gidan da ke rayuwa da wannan kaso yana da tsarin da duk wata uwargida a nan za ta gane shi. Ana fara sayen abin da ke cika ciki kuma ba ya lalacewa: shinkafa, taliya, busasshen wake, dankali, fulawa, man girki. Sa'an nan ƙwai da kaza gwargwadon hali. Abin da ake bari a ƙarshe, kuma abin da ake fara tsallakewa idan kuɗi ya gaza, shi ne ganye da kayan marmari, domin suna da tsada idan aka auna da ƙoshin da suke bayarwa, kuma ba su jure ajiya. Uwar da ke da yara uku ba za ta zuba kuɗi a kan abin da zai yanƙwane cikin kwana uku ba, alhali ga abin da zai kai ta mako biyu. Wannan hankali ne irin na mai ɗaki, wanda ya san inda yake masa yoyo. Sai dai ƙarshensa ciki ya cika jiki bai ginu ba, shi ya sa ciwon sukari da hawan jini suka yi katutu a unguwannin talakawan Amurka.

Matsala ta biyu ita ce tsawon wata. Binciken Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar ya nuna yawancin kuɗin katin yana ƙarewa ne a cikin mako biyun farko. Abin da ke biyo baya likitoci sun gan shi a asibiti. A 2014 likita Hilary Seligman da abokan aikinta sun wallafa nazarin da suka yi a kan bayanan asibitocin Kalifoniya, inda suka tarar cewa kwantar da masu ƙaramin ƙarfi saboda faɗuwar sukarin jini yana ƙaruwa da kashi 27 cikin 100 a makon ƙarshe na wata idan aka gwada da makon farko. A wajen masu hali ba a ga wannan bambanci ba. Mai ciwon sukari yana shan maganinsa yadda aka umarce shi, amma tukunya ta ƙafe, sai maganin ya kayar da shi. Ga shi dai an ba shi tallafi, an kuma rubuta sunansa a cikin waɗanda aka taimaka, amma mako na huɗu bai san da wannan ba.

Kasuwar manoma da dabarar ninkawa

A Amurka yawancin mutane a manyan kantuna suke cefane, abincin kuma yakan ratsa hannaye da yawa kafin ya iso. Lissafin Ma'aikatar Aikin Gona na 2022 ya nuna a cikin kowace dala da aka kashe a kan abinci, kimanin santi 15 ne kawai rabon gona. Sauran na sarrafawa ne da sufuri da talla da kanti. Saboda haka ne ƙananan manoma suka koma kafa kasuwa ta mako-mako a filayen gari, su kawo abin da suka noma su sayar hannu da hannu. A 1994 an ƙidaya irin waɗannan kasuwanni 1,755, zuwa 2013 sun haura 8,000. Abin da su suke gani sabon abu, mu shi muka gada, domin ba wani abu ba ne face ranar kasuwa.

Sai dai talaka ya kusa rasa wurin zama a wannan kasuwa. Lokacin da tallafi yake takarda, manomi yana iya karɓa kamar kuɗi. Da aka koma kati, sai ya zama dole a sami na'ura da layin waya da wuta, abubuwan da manomi mai rumfa a fili ba shi da su. Gyaran da aka yi don sauƙaƙa aiki a kanti sai ya rufe wa mabuƙaci ƙofar manomi. Maganin da suka samo mai sauƙi ne. Aka ajiye na'ura ɗaya a rumfar shugabannin kasuwa. Mai kati ya je can a cire adadin da yake so, a ba shi wasu kwabbai na katako, ya zaga ya yi cefanensa da su, manomi kuma ya mayar da kwabban wurin shugabannin kasuwa a biya shi.

Buɗe ƙofa bai wadatar ba, domin tsadar ganye tana nan. A nan ne aka waiwayi dabarar 1939. Tun a 1986 kwamishinan aikin gona na jihar Masachusets, Gus Schumacher, ya fara raba wa mata masu ƙananan yara takardun sayen kayan lambu a kasuwar manoma, a 1992 kuma majalisar ƙasa ta mayar da wannan shiri na tarayya. A 2005 birnin Niyok ya fito da nasa, wanda ya daɗe yana ƙara wa mai kati dala biyu a kan kowace dala biyar da ya kashe a wurin manoma. A 2009 wata ƙungiya mai zaman kanta, Fair Food Network, ta fara shirin Double Up Food Bucks a kasuwanni biyar na birnin Ditroit a jihar Mishigan. Ƙa'idar da ya daɗe a kanta ita ce, duk dalar da mai kati ya kashe a kasuwar manoma za a ba shi wata dalar kyauta, har zuwa dala 20 a yini, da sharaɗin wannan ƙarin ba ya sayen komai sai ganye da kayan marmarin da aka noma a jihar. Kuɗin ƙarin da farko daga gidauniyoyin masu kyauta ya fito. Sai da aka ga amfaninsa gwamnatin tarayya ta ware masa dala miliyan 100 a dokar noma ta 2014, ta ƙara shi zuwa miliyan 250 a ta 2018.

Da wannan tsari, mai cefane mai lura takan raba kasonta biyu. Shinkafa da wake da mai ta saye su a kanti inda suka fi araha. Ranar kasuwa kuma ta zo da dala goma ta koma da kayan dala ashirin. Takan fara zaga kasuwar gaba ɗaya kafin ta taya komai, ta nemi abin da yake kakarsa domin shi ne mai sauƙi, ta tambayi tumatir ko tuffa masu ɗan tabo waɗanda manomi ke karyar da farashinsu, abin da ya yi yawa ta dafa ta adana saboda lokacin sanyi. An kuma auna sakamakon irin wannan ƙari. A gwajin da gwamnati ta yi a wata gunduma ta Masachusets tsakanin 2011 da 2012, an mayar wa masu kati santi 30 a kan kowace dalar da suka kashe a kan ganye da kayan marmari, sai aka tarar cinsu na waɗannan abubuwa ya fi na waɗanda ba a ba ƙarin ba da kashi 26 cikin 100. Ba a yi musu wa'azi a kan amfanin ganye ba. Da ma sun sani, kuɗin ne babu.

Adalci ne mu faɗi iyakar abin. Har yau abin da ake kashewa na tallafin a kasuwannin manoma bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kasuwar sau ɗaya take ci a mako, a jihohi masu ƙanƙara takan rufe watanni, wasu suna nesa da unguwannin talakawa, nama da ƙwai kuma sukan fi tsada a can. Shi ya sa daga baya aka shigar da shirin ninkawar cikin wasu kantuna. Kasuwar manoma ba ta kawar da yunwa daga Amurka ba. Abin da ta tabbatar shi ne ƙarin kuɗi kaɗan, idan aka ɗaura shi a kan abin da ya fi ƙaranci a tukunya, yana sauya abin da gida ke ci, kuma kuɗin yana kwana a aljihun manomin yankin.

Inda zancen ya taɓo mu

Iyayenmu malamai sun fi mu sanin cewa a mazhabar Imamu Malik zakkar noma tana wajaba ne a kan abin da ake ci a ƙoshi kuma a iya ajiyewa, irin su gero da dawa da masara da shinkafa da wake, idan ya kai wusuƙi biyar, wato sa'i 300, kimanin kilo 653. Ana fitar da ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka shayar da wahala. Tumatir da tattasai da alayyafo da kuɓewa babu zakka a cikin ainihinsu. Ma'anar wannan a aikace ita ce rumbun zakka, komai cikarsa, rumbun tuwo ne. Miya ba ta shigarsa.

To, gidan da aka kai wa buhun masara yana buƙatar kuɗin niƙa, da itace ko gawayi, da gishiri da daddawa da mai, da kayan miya. In babu kuɗi a gidan, daga cikin buhun za a ɗebi tiya biyu ko uku a kai wa mai awo, shi kuwa ya san wanda ya zo sayarwa a matse yake, sai ya saya yadda ya ga dama. Da haka wani yanki na zakkar yake zurarewa tun kafin ya ga tukunya. Wanda aka ba tsabar kuɗi kuma hauhawar farashi ce ke gutsurar rabonsa, kuma dukkanmu mun shaida yadda hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024.

A ɗaya gaɓar kwazazzabon kuma ga mai lambu. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a tsakiyar rani ya ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan, ya kuma san yadda manoman Kadawa da Kura suke sayarwa a wulaƙance in kaya ya yi yawa, wani lokaci kuɗin kwandon da na mota ma ba su fita. Mai lambu yana zubar da abin da marainiya a cikin gari take yin miya babu shi. Kuma sau da yawa shi kansa mai lambun bai fi ƙarfin a ba shi zakka ba.

Takardar abinci ba baƙuwa ba ce a tarihinmu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa a zamanin da Marwanu ɗan Hakamu yake gwamnan Madina an raba wa mutane takardun karɓar abincin da ke ajiye a Jar, tashar jiragen ruwan Madina a gaɓar Bahar Maliya. Sai mutane suka shiga saye da sayar da takardun kafin su karɓi abincin. Zaidu ɗan Sabitu da wani sahabi, Allah Ya ƙara musu yarda, suka je suka yi wa Marwanu magana, shi kuma ya tura dogarai suka bi takardun suka mayar wa masu su. Wannan ƙissa ta ba mu abu biyu: rabon abinci ta hanyar takarda sananne ne tun zamanin sahabbai, kuma hatsarinsa, wato cinikin takardar, sananne ne tun lokacin. Amurkawa ma da shi suke fama. A 1993 kimanin santi huɗu cikin kowace dala ta tallafin a irin wannan ciniki yake salwanta, bayan zuwan kati ya sauka zuwa wajen santi ɗaya da rabi.

Sai dai akwai wurin da ba za mu bi sawunsu ba. Gwamnatin Amurka tana da ikon ta ce kuɗinta ba ya sayen sabulu. Mu ba mu da wannan iko a kan zakka. A wurin jumhurin malamai zakka mallakawa ake yi wa fakiri da miskini, da zarar ta shiga hannunsa ta zama dukiyarsa, ya ci, ya sayar, ya biya bashi, ya sayi magani. Ba a kuma jinkirta ta bayan ta wajaba don kawai muna ganin mun fi shi iya tattali. Haka nan malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan musanya abin da ya wajaba da ƙimarsa, ko da yake Hanafiyya sun sauƙaƙa. Saboda haka mayar da zakka takardar da ba ta sayen komai sai ganye hanya ce mai ƙaya. Wakafi kuwa hukuncinsa daban ne, domin sharaɗin mai wakafi abin bi ne matuƙar bai saɓa wa shari'a ba. Wanda ya tsayar da shago ko gona ya ce a kashe amfaninsa a kan kayan miyan marayu, to a kan haka za a kashe shi. Sadakar ganin dama ma haka take.

Abin da muke kawowa gabanku

A kasuwarmu, in an gama ciniki, mai saye yakan ce a yi masa gyara, mai kaya kuma ya ƙara masa ɗan abin da ya sawwaƙa. Abin da muke nema wannan taro ya duba shi ne gyara irin wannan, wanda wakafi zai riƙa yi a kan zakka. Ga yadda muke hango shi.

Na farko, zakka ta ci gaba da tafiya yadda shari'a ta tsara: a ba mai ita cikakkiya, a kan lokaci, babu sharaɗi, a kuma fara da mabuƙatan wurin da aka tara ta.

Na biyu, a ware wani kaso daga ribar wakafin da sharaɗinsa ya ba da dama, tare da sadakar duk mai niyya, a buɗe asusun kayan miya. Daga cikinsa a riƙa ba gidajen da ke cikin rajistar kwamiti takardar cefane mako-mako. Mun zaɓi mako-mako ne saboda darasin mako na huɗu: abin da ke zuwa kaɗan-kaɗan yana riskar gida a ranar da buhu ya yi ƙasa. Ga misali kawai, wadda ta zo da naira ɗari biyar ta koma da kayan naira dubu. Wadda ba ta da ko sisi, kamar tsohuwar da ba ta da mai yi mata, a ba ta takardar haka nan, domin Amurkawa ma sai da suka cire sharaɗin saye a 1977 shirinsu ya kai ga na can ƙasa.

Na uku, kowane kwamitin masallaci ya zauna da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan gwari na yankinsa, a fitar da masu kaya da dama, a fifita waɗanda suke noma abin da suke sayarwa. Kada a ɗaure mutane a kan rumfa ɗaya. In rumfa ɗaya ce, farashi zai tashi, kashi zai ƙanƙance, ruɓaɓɓe kuma zai sami inda za shi. Mai takarda ta zaga, ta taya, ta zaɓa, kamar kowane mai kuɗi a hannu.

Na huɗu, a biya mai kaya a ranar, kafin a kira magariba. Mai kayan gwari da cinikin yau yake saro na gobe. In aka ja masa rai sau biyu ba zai ƙara karɓar takardar ba, ko kuwa ya karɓe ta a rabin daraja.

Na biyar, takarda ta ɗauki lamba da ranar ƙarewa, a rubuta ta a littafi biyu, ɗaya a wurin kwamiti ɗaya a ofishin gidauniya, a kuma bayyana wa kowa daga kan mumbari cewa sayar da ita ko sayenta ba ya halatta.

Na shida, a kiyaye mutunci. Ɗaya daga cikin amfanin katin Amurka shi ne ya rage kunyar da mutum yake ji in ya fito da takardun tallafi a gaban layi. Mu ma kada a tara mutane a rana, kada a ɗauki hoton kowa. Macen da ke takaba ko wadda ba ta fita ta wakilta wanda ta yarda da shi, a rubuta sunansa.

Na bakwai, a bi kaka. Lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha a rani, a ƙara yawan gyaran domin gidaje su yanka su shanya kauɗa, su busar da kuɓewa, su tanadi abin da za su shiga damina da shi, lokacin da kayan miya suke gagarar talaka. Wanda ke da ɗan fili a tsakar gida kuma a ba shi irin alayyafo da rama da dashen zogale.

Ba mu ce a fara ko'ina a lokaci ɗaya ba. A zaɓi masallatai kaɗan da ke kusa da kasuwar kayan gwari, a gwada na tsawon rani ɗaya, a rubuta komai, a tambayi matan gidajen da masu lambun abin da suka gani, sa'an nan a kawo sakamakon gaban wannan taro baɗi, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kafin a ɗaga ƙafa kuma, muna roƙon kwamitin malamai ya dubi tsarin baki ɗaya, ya tantance wane wakafi ne sharaɗinsa ya ɗauki wannan aiki, ya gyara mana inda ya ga karkata.

Alhazai da hajiyoyi, wanda yake tunanin tsayar da sabon wakafi a bana, ga ƙofa. Shago ɗaya da aka ce kuɗin hayarsa na miyar marayu ne zai riƙa shiga tukwane da yawa kowane mako, ya kuma bi ta hannun manoman da suka yi ban-ruwa da guminsu, har bayan mai shi ya kwanta dama. 'Yan'uwa na kwamitoci, ku ne kuka san gidajen, ku ne kuka san kasuwannin, nauyin riƙon amanar kuma a wuyanku zai sauka. Muna so kafin a tashi daga wannan taro mu ji waɗanda suka shirya ɗaukar gwajin farko.

Allah Ya karɓi zakkar masu zakka, Ya sanya albarka a cikin abin da suka rage, Ya dawwamar da ladan masu wakafi. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, Ya sauƙaƙa wa talakawa abin sawa a baka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.